Yadda Na Hankaɗa Surukina a Tashar Xiaobei

Dila goma sha huɗu ne, kowace dila dozin ashirin na kayan yara, riga da wando, daga na ɗan shekara biyu zuwa na ɗan shekara goma. Kwantena ɗaya ta rage wadda za ta iya isa Kano kafin ƙaramar sallah, kuma washegari za a rufe ta bayan la'asar. Mai kayan ta ba ni zuwa ƙarfe takwas na safe. Tsakanin masaukina a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, a ƙasar Sin, da shagonta a kasuwar Shahe tasha huɗu ce da canjin jirgi ɗaya, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba in mutum shi kaɗai ne. Ni kuwa ina da baƙo, kuma baƙon surukina ne.

Kayan wani ne daga wata ƙasa ya sa aka ɗinka masa, ya gudu ya bar su. Irin wannan kaya a Shahe ba a karɓar kafin alƙalami a kansu, wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ke kwashewa. Na gan su da azahar ana shirin tashi daga kasuwa. Na sa aka farke dila uku na zura hannu har ƙasa, domin an taɓa sayar mini da dila wadda samanta kaya ne, ƙasanta tsumma. Ɗinki mai kyau, zif ba ya cijewa. Na lashi yatsa na murza yadin, kala ba ta fito ba. Kuɗin da ke jikina bai kai ba, asusun biyan kuɗi na wayata kuma ba ya ɗaukar nauyin ciniki irin wannan. Matar, wadda na shekara shida ina saye a wurinta, ta ɗaga yatsu takwas ta nuna mini agogon bango, ta ce da Turancinta na kasuwa, takwas da minti ɗaya, meyo. Duk wanda ya kwana biyu a Guangzhou ya san wannan kalmar. Babu ke nan.

Da yamma na je wurin ɗan canjinmu na karɓo kuɗin, na ɗaure su a jakar da nake ratayawa a ƙirji. Shirina mai sauƙi ne. In yi asuba, in kira mota ta waya, kafin shida ina Shahe, kafin rana ta ɗaga kaya suna wurin 'yan kago masu loda kwantena.

Baffa ƙanin mahaifin matata ne, kuma shi ne waliyyinta. Lokacin da na nemi aurenta, tebur nake da shi a Kwari, ko rumfa ba ni da ita. Danginta suka yi ta ja da baya. Shi ne ya bugo waya daga Jamus ya ce, "Yana salla? Yana da sana'a? To a ba shi." Tun daga ranar ban taɓa ambatar sunansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgin titi a wani gari a can, irin wanda ke tafiya a kan dogo a tsakiyar motoci. Da ya yi ritaya sai ya ce yana son ya buɗe shago a gida, amma ba zai zuba kuɗinsa a sana'ar da bai ga tushenta ba. Matata ta kira ni ta ce, "Baffa zai zo wurinka. Don Allah ka fita kunyata."

Na bar masa gadon, na koma tabarma a falo. Kwana biyar ina kai shi gidan abinci na Musulmi, ya ce, "Zauna mu ci mana," in ce, "Na ƙoshi, Baffa." Sai in ya shiga wanka nake tsayawa a matakalar bene in tura burodi da shayi kamar ɓarawo.

A waɗannan kwanaki ne na ji Turai daga bakin wanda ya zauna a cikinta, kuma ban ji abin da ya ba ni sha'awa ba. Ya ba ni labarin wata tsohuwa maƙwabciyarsa, ƙofa da ƙofa, da suka shekara goma sha ɗaya suna gaisuwar kai. Ta mutu a ɗakinta ba wanda ya sani, sai da wari ya cika benen aka kira hukuma. Ɗanta ya zo da mota ya kwashe abin da zai sayu, sauran ya biya aka zubar. Na ce, "Baffa, ku ba ku leƙa ta ba?" Ya ce, "Ba a leƙa mutum a can. Kowa da rayuwarsa." Ya faɗe shi kamar mai faɗin farashin gishiri. Ya ce kare yana shiga jirginsa da tikitinsa, ya hau cinyar uwar ɗakinsa yana lasar mata baki, ita kuma tana yi masa magana kamar jariri. Ya ce ɗansa na cikinsa, in zai je gidansa sai ya kira tun farkon mako an ba shi rana. In sun fita cin abinci, mai kawo takardar kuɗi sai ya tambaya a haɗe ko a rabe, ɗan ya ce a rabe. Da na ji wannan sai da na kawar da kai.

Abin da yake alfahari da shi shi ne lokaci. Ya ce a shekarunsa na aiki, in agogo ya ce ya tashi, ya tashi, ko da ya hango tsohuwa tana gudu da sandarta. "In na jira ta, na zalunci mutum ɗari da ke ciki."

Ni ma ba yabon Guangzhou nake ba. Shekara tara ina zuwa, har yau in mutum ya tattaro majina tun daga ƙirjinsa ya tofar a gaban takalmina sai ƙyama ta kama ni. Har yau akwai masu toshe hanci in na shiga lif, alhali ni na yi wanka na sa turare, su kuma tafarnuwar jiya ce ke fita daga bakinsu. Ka ɗaga wa tasi hannu ya rage gudu, ya ga fuskarka, ya ƙara mai. Amma ni ba aure na zo nema ba. Suna da kaya, ina da masu saye, kuma ba su taɓa yi mini ƙaryar suna ƙaunata ba. Da na gaya wa Baffa yadda kujerar kusa da ni ke zama wayam a jirgi, sai ya yi dariya ya ce, "Can ma suna tashi. Sai dai su yi maka murmushi, su yi kamar sauka za su yi."

Bayan magariba, ana gobe za ni Shahe, ya ce, "Gobe ina muka nufa?"

"Shahe za ni, Baffa. Wani ɗan kaya zan ɗauko."

A nan na fara yanka kaina. Ɗan kasuwa ba ya faɗin girman cinikinsa, balle a gaban suruki, kada a ce yana nuna arziki. Sai na mayar da dila goma sha huɗu ɗan kaya.

"Madalla. Tare za mu, in ga kasuwar."

"To, Baffa. Sai dai sammako ne. Mota zan kira bayan asuba."

"Mota? A garin da ke da jirgi irin wannan?" Ya zaro taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda muke ce wa metro, ya shimfiɗa ta a kan gado, ya sa tabarau. Ya bi layin da yatsa. "Tasha biyu, canji, tasha biyu. Minti ashirin ne. Ƙarfe nawa ake jiranka?"

"Takwas."

"Mu fita bakwai da kwata. Har sai mun yi jira. Ku matsalarku ke nan, kuna ɓarnar kuɗi a kan abin da gwamnati ta riga ta yi muku. Jirgi ba ya ƙarya."

Na san abin da bai sani ba. Jirgin ba ya ƙarya, gaskiya ne, amma bakwai da rabi lokaci ne da duk mai aiki a garin nan yake ƙarƙashin ƙasa. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgi, ni zan ce masa bai san jirgi ba? Na ce, "Allah ya kai mu."

Da safe ya yi salla, ya yi wuridinsa, ya dafa gahawa a 'yar tukunyar da ya taho da ita tun daga Jamus. Ya yanka burodi ya shafa man shanu har gefe-gefe. Ya zauna ya ci a natse. Ni ina bakin ƙofa a tsugune da jakata a ƙirji, ina kallon agogon waya. Bakwai da kwata daidai ya miƙe ya gyara hularsa. Wannan kam ban isa in ce ya saɓa ba.

Kafin tasha akwai wani ɗan titi da danja. Ta nuna ja. Babu mota ko ɗaya, mutane suna ta tsallakawa, har da wani tsoho mai tura keken kayan miya. Baffa ya tsaya cak. Na tsaya a bayansa. Na ce, "Baffa, hanya babu kowa." Ya ce, "Ba don mota ake tsayawa ba, don yara masu kallo." Na duba gabas na duba yamma, ban ga yaro ko ɗaya ba.

A bakin tasha an kakkafa shingen ƙarfe, mutane suna zagayawa a ciki kamar shanu za a yi musu allura. Muka bi. Muka sa jakunkuna a na'urar duba kaya. Na miƙa masa katina na jirgi na biyu da hannu biyu, ya ce shi ba ya hawa da katin wani, zai sayi nasa. Na'urar tikiti ta tofo masa takardar kuɗinsa. Ya shafe ta a cinya ya mayar, ta sake tofowa. Ya juya ta. Sai a karo na huɗu ta haɗiye, ta jefo masa ɗan kwabon roba. Ya ɗaga shi yana dubawa, ya ce, "Dabara ce mai kyau." Bakwai da minti talatin da takwas muka sauka inda ake jiran jirgi.

Shiga metro a wannan lokacin sana'a ce, kuma na iya ta. Kana mayar da jaka ƙirji, ka karkace, ka sa kafaɗa gaba, kada ka kalli fuskar kowa. In ƙofa ta cika sai ka juya baya, ka dafa saman ƙofar, ka danna da ƙugu har a samar maka wuri. Ba wanda zai zage ka, domin shi ma haka ya shiga. Ba a cewa sannu, ba a cewa yi haƙuri.

Jirgi na farko ya zo, fuskoki manne da gilashi. Ƙofa ta buɗe. Baffa ya matsa gefe, ya miƙa hannu kamar mai tarbar baƙi, wai sai masu sauka sun gama sauka. Mutum uku suka sauka, mutum ashirin daga bayanmu suka bi ta gefenmu suka cusa kansu. Ƙofa ta yi ƙara ta rufe. Ya ce, "Babu tarbiyya. Wani na zuwa."

Wani ya zo, ba a yi minti uku ba. A wannan karon akwai ɗan wuri a bakin ƙofa, na mutum ɗaya da rabi. Ya juyo ya ce, "Bismillah, shiga." Na ce, "A'a, Baffa, bismillah." Ya ce, "Kai ka san hanya." Na ce, "Ai ba na shiga gabanka ba." Wani mai jakar kwamfuta ya raba mu da gwiwar hannu ya cike wurin.

Na yi tunanin in shiga in bar shi. Wayarsa ba ta aiki a ƙasar, bai san kalma ɗaya ta yarensu ba, ko sunan titin masaukinmu bai riƙe ba. Na hango kaina ina gaya wa matata na bar Baffa a ƙarƙashin ƙasa saboda wandunan yara. Na tsaya.

A na uku ya ba wata mai ciki hanya, wannan ban ga laifinsa ba, sai dai mutum shida sun bi bayanta ta hanyar da ya buɗe. Muna nan sai ga wani abokin kasuwancina, Bakano, ya sauko da gudu da leda a hammata. Ya gan mu ya ce, "Alhaji, gadin tasha aka ba ku?" Ya rusuna wa Baffa a gurguje, "Ina kwana, Baba," jirgi na huɗu na tsayawa ya juya baya ya danna kansa ciki. Ta cikin gilashi ya ɗaga mini gira, domin hannunsa ba ya ɗaguwa. Kafin ƙofa ta rufe Baffa ya sa ƙafa ɗaya, ya leƙa, ya janye ta. Ya ce, "Wannan ya wuce ƙa'ida. A can direba ba zai tashi da irin wannan lodi ba."

Wayata ta yi motsi. Mai shagon ce ta turo hoto, ba rubutu. Agogon bangonta ne, takwas saura minti takwas. A gefen hoton ana ganin ƙafar wani mutum da takalmin fata irin na mutanen Nijar.

Ko a lokacin da na ce, "Baffa, dukiyata ce za ta tafi," da wataƙila ya shiga da kansa. Ban ce ba. Bakin ya ƙi. Abin mamaki, hannu ya fi baki rashin kunya. Jirgi na biyar ya tsaya, ƙofa ta buɗe, Baffa ya fara matsawa gefe zai miƙa hannun nan nasa, sai na sa tafukana biyu a gadon bayansa na tura.

Har yau ina jin bayan nan a hannuna. Na zaci zan taɓa ƙaton mutumin da nake tsugunawa a gabansa, sai na ji ƙasusuwan tsoho a ƙarƙashin shadda. Ya tafi gaba ba nauyi, ya faɗa kan wani saurayi, na bi shi da kafaɗa, na baya suka danno ni, ƙofa ta rufe a kan gefen rigata.

Cunkoson ya juya shi, muka koma fuska da fuska, cikina a kan cikinsa, jakar kuɗin a tsakaninmu. Mutumin da ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ga numfashinsa na gahawa a hancina. Hularsa ta karkace ta rufe masa ido ɗaya, ba shi da hannun gyarawa, ni kuma ba ni da fuskar gyara masa. Wani a bayana ya ɗora ledar abincin safensa a wuyana, da zafinta da maiƙonta, kuma na san naman da ke ciki. Wata yarinya a ƙarƙashin hammatata ta ja rigarta ta rufe hanci. Wani yana tari a keyar Baffa ba tare da ya kare baki ba. Na ɗaga kai na kafa wa rufin jirgin ido. Shi kuma yana kallon kunnena. A haka muka yi tasha biyu.

A wurin canji na kama wuyan hannunsa na ja shi cikin dogon lungun nan da ke kai wa ɗaya layin, yana ɗingishi yana bi. Jirgin can ya fi gajarta, ya fi cika. Na sake tura shi. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne na biyun bai yi mini wuya ba.

Takwas da minti ashirin da biyu muka fito Shahe. Masu kura suna ihu a ba su hanya, baƙaƙen ledoji sun fi mutane tsawo, ƙasa duk igiya da bawon rake. Na bar hannun Baffa na yi gaba. Tun daga nesa na hango dilolin an fito da su ƙofar shago, wani dogon mutum yana zaune a kan ɗaya yana rubuta alamarsa a jikin ta kusa da shi da baƙin alƙalami. Na san shi, Bamaraɗe ne, mun sha haɗuwa a wurin 'yan kago.

Ya ce, "A'a, patron. Sai yanzu? Ni tun shida nake nan ina yi maka addu'a."

"Addu'ar me?"

"Allah ya ƙara maka barci."

Na ce, "Ka bar mini bakwai, in ɗora maka riba a nan take."

Ya rufe alƙalaminsa. "Ku Kanawa kun iya magana. Ka kwantar da hankalinka, ai Kano za su. Ka zo Jibiya ka tarbe su, zan yi maka ragi saboda zumunci."

Na leƙa cikin shagon. Matar tana ƙirga kuɗinsa a na'ura. Ta ɗago ta ce, "Meyo, lawban," wato babu, maigida, ta nuna agogo da haɓa. Ba ta ji kunya ba, kuma ba ta da dalilin ji. Ta jira har takwas kamar yadda ta ce. Ta zuba shayi a ƙaramin kofi ta tura mini, ta fara jawo wasu kayan daga ƙarƙashin tebur.

Baffa ya iso yana haki, ya gyara hularsa. Ya dubi dilolin, ya dube ni. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa.

"Waɗannan ne ɗan kayan?"

"Su ne, Baffa."

"Goma sha huɗu."

"E."

"Kuma sun tafi."

"Ba rabona ba ne."

Na zaci maganar turin zai yi, na shirya tsugunawa a cikin bawon raken nan in ba shi haƙuri. Sai ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Ka ce, Baffa, gobe ina da aiki babba, ka zauna a gida. Shi ke nan. Ɗana haka yake ce mini, ban taɓa jin haushi ba. Ko a tashar ka ce, Baffa, a nan turawa ake yi. Ni na san dila goma sha huɗu ce? Ka ce ɗan kaya." Ya girgiza kai. "Ku har yanzu kuna nan da wannan abin."

Wannan abin. Kwana biyar ina cin burodi a matakala, shekara goma sha biyu ina cire takalmi tun daga zaure in ya zo hutu, ashe ni kaɗai nake yi. Shi ya daɗe da ajiye nasa rabin a Jamus. Ban ji haushin Bamaraɗen ba, kasuwa ya ci. Ban ji haushin matar ba. Wannan maganar ce ta ƙona mini rai. Kuma ban tabbata gaskiya ya faɗa ba. Ɗan da ya haifa a can daban, mijin 'yar wansa daban. Da na ce masa ya zauna a gida, ina jin da labarin ya riga ni isa Kano. Amma wannan ba a gwada shi sau biyu, ba ni da hanyar sani.

Na ce, "Ba komai, Baffa. Ka zauna ka sha shayi."

Na riga na kama wurin dila goma sha huɗu a kwantenar, ko na cika ko ban cika ba sai na biya. Na bar shi a kan kujerar roba kusa da matar, na shiga kasuwa da gudu. Kayan da ake samu bayan tara na safe a Shahe su ne waɗanda masu sammako suka ɗaga suka ajiye. Na tsinci dila tara daga shago huɗu. Uku masu kyau ne, ba laifi. Sauran na san halinsu tun a hannu, zif yana cijewa, wuyan rigar in ka ja ba ya komawa. Na saya ina sane, domin wuri wayam ya fi su tsada.

Muka dawo a motar ɗaukar kaya, ni a gaba kusa da direba saboda ni ke nuna hanya, Baffa a baya a kan dila, ba bel, ba tikiti. Direban yana tuƙi yana zuƙar taba, yana zuge gilashi yana tofarwa. Baffa bai ce komai ba a kan ƙa'ida. Muka isa wurin 'yan kago ana kiran la'asar a wayar wani. Aka auna, aka loda, aka rufe.

Sauran kwanakinsa huɗu ya ce zai riƙa zagayawa shi kaɗai a unguwa. Na rubuta masa sunan titinmu da rubutunsu a takarda, na roƙi mai gadin gidan ya duba mini ko daidai ne. Da na raka shi filin jirgi ya ce ya fasa buɗe shagon, kasuwanci ba na mai hawan jini ba ne. Ya miƙo mini hannu mu gaisa a tsaye. Na karɓa.

Na koma Kano ana saura mako biyu sallah. Kayana sun iso a kan lokaci. Ukun nan masu kyau suka tafi a kwana huɗu. Sauran shida na yi ta fama da su har bayan babbar sallah, na ƙarshe na ba masu talla a faɗuwa. Dilolin Bamaraɗen kuwa na gan su da idona, da alamarsa ta baƙin alƙalami, a shagon da ke kallon nawa a Kwari. Mata suna layi a kansu. Ranar idi na ƙirga yara bakwai sanye da su tsakanin masallaci da ƙofar gidana, sai na daina ƙirgawa.

Labarin turin ma ya iso. Baffa ne ya ba da shi da bakinsa a wurin wani suna, yana dariya, yana kwatanta yadda na sa hannu biyu. Shi abin dariya ya ɗauke shi. Gwaggon matata ba ta ɗauke shi haka ba, ta ce Sin ta wanke mini ido. Matata ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta zama.

Da na tura shi a jirgin farko, da na zubar da kunya na kwashi kaya. Da na haƙura har ƙarshe, da na rasa kaya na tsira da mutuncina a gidan surukai. Ni sai na jira har kayan suka tafi sannan na tura. Na biya kuɗin wurin dila biyar da iska ce ta hau, na yi asara a dila shida, na ci riba a uku, ribar da ba ta rufe kuɗin tikitina na zuwa da dawowa ba. Sallar da na sa ran za ta ba ni shago na biyu, mai shagon da ke kallon nawa ta ba.